Kawu Mai Ƙota da Munduwar Inna

Ranar da Kawu ya rasu, mahautan Suleja sun naɗe teburansu tun kafin azahar. Suka taho a jere, wasu ko rigar aiki ba su canza ba, suka cika ƙofar gida har masu Keke suka riƙa juyawa ta wani layin. Wani tsohon mahauci mai yatsu uku a hannun dama ya zauna a bakin kwata yana kuka kamar ƙaramin yaro, an yi an yi ya tashi ya ƙi. Masu tsire na bakin tasha sun zo, wasu Fulani sun zo daga bayan Chaza da sandunansu, har da wani Bayarabe mai kayan miya da ban san abin da ya haɗa su ba. Bakinsu ɗaya: an yi rashi, hannu irin nasa ba za a sake samu ba.

A cikin gida kuwa, inda muke mu mata, kukan bai kai haka ba. Matarsa na zaune a tabarma da carbi, duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Ai mun daɗe muna yi." Ba wadda ta yi dariya, amma ba wadda ba ta gane ba. 'Ya'yansa mata sun yi hawaye daidai gwargwado, suka share, suka tashi ɗora ruwan baƙi.

Ni 'yar ƙanwarsa Inna ce. Abinci nake sayarwa kusa da tashar motocin Abuja, shinkafa da miya da nama, tun mijina na da rai har yau da babu shi. Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda ya gaji rumfar, shi ya ce in rubuta wani abu don kada a manta da tsohon. Na ce masa in na rubuta ba zai ji daɗi ba. Ya ce in rubuta duk da haka.

Shi ɗin dai ne, bayan an dawo daga maƙabarta, ya leƙo ya kira ni zaure. Ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba, don tsakanina da shi sai tsokana. Ya ce, "Liman ya ce duk mai haƙƙi a kansa ya fito. Ba wanda ya fito. Amma ni na san akwai naki. Don girman Allah ki yafe wa Baba."

Na ce, "Ina munduwar Inna?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya duba akwati, ya duba rumfa, ya ɗaga buzun da tsohon ke zama a kai, bai gani ba.

Na ce, "To ka ci gaba da dubawa."

An sa bikin 'yata bayan arba'in, kuma tun tana ƙarama na yi mata alkawarin cewa da munduwar kakarta za ta shiga ɗakin miji. Ban ce masa na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Na koma ciki na bar shi a tsugune.

Sai na faɗi ko wane ne Kawu kafin a gane abin da ya sa na yi haka.

Shi ba maƙeri ba ne, ko da yake mutane kan haɗa shi da su. Ruwan wuƙa a wurin maƙera yake karɓa, waɗanda ke ƙera shi da tsohon sifirin mota. Nasa aikin ƙota ce, wato inda hannu ke riƙewa. Kuma ba irin ƙotar kasuwa ba da ake fafe itace a cusa ƙarfe a ce an gama. Tasa jerawa yake yi, kashi-kashi, a kan siririyar wutsiyar ƙarfen da ke bayan ruwan wuƙa. Zoben jan ƙarfe ko na tagulla a wuya, sai ƙaho, sai faifan fata, sai itace, sai wata fatar, wani lokaci ƙashi, sannan murfin tagulla a gindi, ya daddale bakin wutsiyar a kansa da guduma. Daga nan ya hau gogewa da magagari, ya bi da yashi, ya ƙare da man kaɗe. In ya gama, ko farce ka bi da shi ba za ka ji inda ƙaho ya tsaya itace ya fara ba.

Kafin ya taɓa komai sai ya miƙa maka curin ɗanyen yumɓu ya ce ka damƙe kamar za ka yanka. Ya karɓa ya shanya a kan katako. Akwai wani dogon katako a bayan rumfar cike da waɗannan curarruka, babu suna a jikin ko ɗaya, amma ya san hannun kowa. Da shi yake auna inda babban yatsa zai kwanta da inda ɗan ƙaramin zai tokare.

Yana da doka: dole ka kawo wani abu daga gidanku. Ƙahon ragon da ka yi layya da shi, ko guntun ƙotar fartanyar ubanka, ko tsohuwar taɓarya. Sabon itace kuwa ko kallonsa ba ya yi. Yakan ce, "Sabon itace maƙaryaci ne, yau ya zauna gobe ya tsage." In aka tambaye shi amfanin fatar da yake sawa tsakani, in ya ga dama ya amsa, sai ya ce ƙaho da itace ba sa shiri, da damina ɗaya ya kumbura ɗaya ya ƙi, in babu fata a tsakaninsu sai su fasa juna. Na sha jin wannan bayani. Mutumin da ya san haka a kan ƙaho da itace, bai taɓa sa ko zare tsakanin bakinsa da zuciyar mutane ba.

Ba ya cewa ya gama. In ya gama sai ya tura wuƙar ƙarƙashin buzunsa ya zauna a kai. Kai kuma ka zo, ka gaishe shi, ka zauna, ka yi ta kallon yana gogar ƙahon wani, har ya ga dama ya zaro ya ajiye a gabanka ba tare da ya dube ka ba. In ka kuskura ka ce "Baba, an gama kuwa?" ka ja wa kanka. Wani ɗan kasuwa ya taɓa tsayawa a kansa da takalmi, yana kaɗa makullin mota, yana cewa sauri yake yi. Kawu ya zaro wuƙar mutumin daga ƙarƙashin buzu, ya bari ya gan ta da kyau, sannan ya kira wani mai tsire da ke wucewa ya miƙa masa kyauta. Ƙahon da ke jikinta na ragon sunan ɗan mutumin ne na fari. Mahauta har yau suna ba da labarin nan suna dariya. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Alheri kuwa ya yi, ba zan ɓoye ba don ina fushi. Mahaucin nan mai yatsu uku, sa ne ya fizge igiyar da ya naɗe a hannu ya tafi da yatsunsa biyu. Kowa ya ce ya gama yanka, sai dai ya koma wanke hanji. Kawu ya aika a kira shi, ya danƙa masa yumɓu, ya ce, "Wa ya ce ka naɗe igiya a hannu kamar sabon shiga? Damƙe." Ya yi masa ƙota mai lanƙwasa a gindi kamar ƙugiya, da madaurin fata da ke zagaye wuyan hannu. Ta farko ba ta yi ba, ya jefa ta wuta. Ta biyu ma haka. Bai bar mutumin ya huta ba, kuma bai daina zaginsa ba, har sai da ya ga ya feɗe akuya a gabansa. Da mutumin ya durƙusa zai yi godiya, Kawu ya ce ya matsa ya tare masa haske. Da wuƙar nan ya aurar da 'ya'yansa. Saboda haka kukan da ya yi a bakin kwata na gaskiya ne, ban raina shi ba.

Amma mu na gida ba mu ga wannan fuskar ba. Ni bahaguwa ce, haka Allah ya yi ni. Ina yarinya, in mun je gidansa, yana da wata tsumagiyar fata da yake ajiyewa kusa da kwano. Da na miƙa hagu sai in ji ta a bayan hannuna. Akwai ranar da ya ɗaure mini hannun a baya da ragowar fata tun safe har Inna ta zo ta kwance. Cin abinci na koya da dama, wannan na gode. Yanka kuwa ya ƙi. Har na yi aure, na haihu, na yi furfura, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Ke, Bahaguwa." Ya kuma rantse a gaban mutane cewa shi ba zai taɓa yin ƙotar hagu ba, wai ɓata ƙaho ne.

Munduwar kuwa ta Kaka ce, mahaifiyarsu shi da Inna. Mai faɗi ce, ta jan ƙarfe irin na da, mai nauyi, an zana ƙafar zabuwa a jere a jikinta daga baki zuwa baki. Da Kaka ta ji jikinta ya ƙi, ta cire ta da kanta ta sa a hannun Inna. Kawu ya so ta. Ba don tunawa da uwa ba, a ganina. Jan ƙarfen yake so, don ya sha faɗin cewa irinsa ya ƙare a duniya, na yanzu duk gauraye ne. Ya nema, Inna ta hana. Daga nan gaisuwa ta koma ɗaga hannu, ɗaga hannu ya koma kau da kai. Inna ta yi jinya mai tsawo a ɗakin da titi ɗaya ya raba da rumfarsa. Tana jin ƙarar gudumarsa daga kan gado. Takan ce, "Yaya na aiki." Bai tsallako ba sai ranar da aka fito da ita.

Za a ce to me ya kai ni ba shi munduwar? Wuyan hannuna ne. Wanda bai taɓa yanka albasa buhu guda da naman tukunya uku kafin motocin farko su tashi ba, ba zai gane ba. Wuƙar kasuwa ta masu dama ce, ni kullum a karkace nake riƙe ta. Hannun ya fara kumbura, in na tashi da safe sai na gasa shi da ruwan zafi kafin ya buɗe. Wata rana mahaucin da nake sayen nama a wurinsa ya ce, "Hajiya, kawunki na gyara hannun duk garin nan, ke kina fama?" Na haɗiye fushina na tafi.

Na gaishe shi, na zauna, na yi shiru kamar yadda ake yi. Can ya miƙo yumɓu wajen hannuna na dama. Na sa hagu na karɓa, na damƙe, na mayar masa. Ya daɗe yana kallon curin. Na jira zagi, bai zo ba. Ya tashi ya ajiye shi a ƙarshen katako, nesa da na sauran.

"Me kika kawo?"

Na fito da guntun taɓaryar Inna, ta ƙirya, wadda ta yi santsi saboda daka. Ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Itace ya yi. Ƙarfe fa?"

Na ce ba ni da shi.

Ya dubi hannuna. Ya ce, "Ga shi nan kina saye da shi. Ɗan kaɗan zan yanka daga baki, in goge wurin, in mayar miki. Ba wanda zai san an taɓa."

Na dubi munduwar. Sai na ce a raina, wa ya sani, ko ta nan Allah zai gyara abin da ya ɓaci tsakaninsa da 'yar'uwarsa, ƙarfen uwarsu da itacen ƙanwarsa da hannunsa a wuri ɗaya. Na zare na ba shi. Fatar wurin ta yi fari, ta daɗe ba ta koma daidai ba.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Nakan je in gaishe shi in zauna. Ya zaro ta wani ya ba shi, ya zaro ta wani, ni ko kallo. Ban tambaya ba, don na san doka. 'Yata ta fara tambaya ina munduwa, ina ce mata tana wurin gyara. Har aka zo jajibirin wata babbar sallah, rumfar cike da mahauta ana ta wasa wuƙaƙe, ni kuma na kwana hannuna na zogi. Na zauna har rana ta take. Sai na ji ba zan iya ba. Na miƙe na ce, "Kawu, in ba za ka yi ba, ba ni munduwar uwata."

Mahautan suka daina wasa wuƙa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Munduwar uwarki? Ta uwata dai."

Na ce, "Uwarka ta san da kai ta ba Inna. Kai da titi ɗaya ya gagare ka tsallakawa tana kiran sunanka, yau kake da bakin cewa uwata?"

Sai a lokacin ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Fita. Bahaguwar banza."

Na fita. Ban sake taka rumfar ba yana raye, kuma ban yi nadamar abin da na faɗa ba, don gaskiya ce. Na aika taubashina ya fi sau nawa, amsar ɗaya ce, wai ya yi kamar bai ji ba.

Ranar sadakar uku aka ɗora mini girki, tunda sana'ata ce. Mahauta suka kawo nama, suka baje buhu a tsakar gida suna yankawa. Ina tsaye ina nuna musu girman da nake so, rana ta haska wuyan wuƙar mai yatsu uku. Na ce ya ba ni in gani. Ya kwance madaurin ya miƙo da murna. Zoben jan ƙarfe ne, da ƙafar zabuwa biyu a jiki, ta uku an yanke ta a tsakiya.

Ya ce, "Wannan ai albarka ce, Hajiya. Da tsohon zoben ya sassauta ya canza mini da wannan. Ya ce munduwar mahaifiyarsa ce, ba kowa yake sa wa ba."

Na kusa da shi ya ɗaga tasa. "Ni ma ya sa mini." Wani daga can ya ce, "Har da ni, kuma ko sisi bai karɓa a kai ba. Allah ya jiƙan Baba, mutum ne mai kyauta."

Suka amsa da amin. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallon munduwar Inna tana kai da komo a cikin nama, guntu a nan, guntu a can. Ashe tun ranar da ya kore ni ya hau rabonta. Yana yanka yana bayarwa, ana sa masa albarka, mutane na ɗaukar sa waliyyi da kayan marainiya. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a wannan lokaci ba, kuma yana kwance a kabari ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba. Na mayar wa mutumin wuƙarsa. Me zan ce masa? In ƙwace abin da yake ci da shi?

Na shiga ɗakin matar Kawu don in zauna. Na tarar da wata baƙuwa, mutuniyar kudu, Kirista, mai sayar da busasshen kifi a Madalla. Ashe a wurinta Kawu ke sayen kifi shekara da shekaru. Ta rufe kanta da gyale saboda gidan makoki, tana ta cewa, "Sori o, Mama, sori." Sai ta kwance wani ƙunshin tsumma daga jakarta.

Ta ce, "Baba mutum mai kyau ne. Shi ya ba ni wannan, kyauta. Amma Mama, wuƙa ɗin ya ƙi hannuna. In na yanka sai ya tafi gefe. Na gwada, na gwada, e no gree, ya ƙi. Na ce bari in kawo, ko yaronsa zai gyara mini."

Matar Kawu ta ce yaushe ya ba ta.

"Ranar da gobe sallar rago. Ya zo da yamma, fuska ba kyau, ko kifi bai saya ba. Ya ajiye a tebur ya ce, ɗauki, mai shi ba ta da kunya. Ya hau mashin ya tafi."

Na miƙa hannu, ta ba ni. Zoben jan ƙarfe a wuya, ƙafar zabuwa cikakku a zagaye, daga wajen bakin munduwar inda zanen ya fi fitowa. Baƙin ƙaho. Fata. Sai ƙiryar taɓaryar Inna, na gane ta da wani ɗan tabon ƙuna da ta samu a bakin murhu. Kwarmin babban yatsa kuwa yana ɓangaren da ba a saba gani ba. Na rufe hannuna na hagu a kanta, kowane yatsa ya sami wurinsa kamar an daɗe ana jiransa.

Wato ya yi ta. Mutumin da ya rantse ba zai yi ƙotar hagu ba ya zauna ya yi, ya goge, ya shafa mata man kaɗe. Ranar da na tsaya a gabansa ina neman munduwa, a kanta yake zaune. Da ya ɗaga cinya kawai ya zaro, da magana ta ƙare. Ya gwammace ya hau mashin har Madalla ya ajiye wa wadda ba za ta iya yanka da ita ba, ya bar ni da hannu a kumbure, don dai kada a ce ya sauko.

Mai kifi ta dube ni, ta dubi hannun. Ta ce, "Ah ah. Na ke ne?" Na gyaɗa kai. Ta naɗe tsummanta ta tura a jaka, ta ce, "Ɗauka, sista. Tun farko ba nawa ba ne." Allah ya saka wa matar nan da alheri, ta yi mini abin da jinina bai yi ba.

Washegari na tafi da ita wurin sana'a. Na yanka albasa, na yanka nama, na yanka kabeji, har na karɓi aikin masu taya ni. Wuƙar ba ta neman ƙarfi, inda ka nufa nan take bi. Da rana ta yi na lura ban gasa hannu ba, kuma ban tuna da shi ba. Na zauna a bayan tukunya na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwarsa, kuma ba na kewa ba ne. Shekarun da na yi ina zogi nake yi wa kuka, ga maganin an gama shi an kai Madalla.

Na yi kwanaki ina aiki da ita. 'Yata ta gan ta, ta shafa zoben, ta ce, "Umma, wannan ba zanen munduwar Kaka ba ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Sauran fa?" Na gaya mata. Ta ce ba komai, in bar shi, ita ba sai da munduwa ba. Yarinyar kirki ce. Amma ni na ga yadda Kaka ta sa wa Inna, na ga yadda Inna ta zare daga hannunta da ya rame ta sa mini. Ba a kaina abin zai yanke ba saboda taurin kan mutum ɗaya.

Na tafi rumfa. Taubashina na zaune a kan buzun, bai cika shi ba. Na ajiye wuƙar na ce ya cire mini zoben, a yi wa yarinya na yatsa.

Ya jujjuya ta, ya girgiza kai. Ya ce, "Ba ya fita. Ta gaba kafaɗar ƙarfe ta tare. Ta baya kuma, ƙahon da zafinsa Baba ya zura shi, ya huce ya kama wutsiya, ya kuma binne gefen zoben a ciki. Sai dai a fasa."

Na ce, "To a fasa."

"Haba taubashiya. Ita kaɗai ce ta hagu da ya yi a rayuwarsa. Kin san ko me wannan ke nufi? Ke ya yi wa."

Na ce, "Ni ya yi wa, ya kai wa wata."

"Hannunki fa? Ni zan yi miki wata, amma wallahi nawa bai kai nasa ba, ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ce na sani. Ya ce shi dai ba zai iya ɗaga guduma a kan aikin ubansa ba. Na ce ban sa shi ba. Na ɗora ƙotar a kan guntun ƙarfen da Kawu ke daddala a kai, na ɗauki gudumarsa da hagu. Bugun farko ko gezau ba ta yi ba, aiki ne mai mugun ƙwari. Sai da na tattara duk abin da ke raina. Ƙahon ya tsage, fatar ta baje, ƙiryar Inna ta rabe biyu. Zoben ya silalo daga wutsiyar ya faɗa a ƙasa lafiya lau.

Taubashina ya ɗauka, ya zura shi a sandar ƙarfe ya daidaita shi da ɗan bugu kaɗan-kaɗan har ya zama na yatsa. Ya miƙo mini. Ya ce, "Yanzu fa? Kin yafe masa?"

Na ce, "Dukan hannu na yafe. Zagi na yafe. Abin da ke wuƙaƙen mahauta na bar musu, amma ka shaida, sadakar Inna ce, ba tasa ba. Wuƙar da ya gama ya hana ni, ga ta nan na karɓi haƙƙina da kaina, wannan ma ya wuce."

"Rashin zuwansa duba Gwaggo fa?"

Na ce, "Wannan ba nawa ba ne. Yanzu suna wuri ɗaya, ba titi a tsakaninsu."

Ya share ido da hannun riga ya ce Allah ya jiƙansa. Na ce amin, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Allah ya gafarta wa Kawu, ya sassauta masa fiye da yadda ya sassauta mana.

An yi biki. 'Yata ta shiga ɗakinta da zoben a yatsa, ƙafar zabuwar Kaka a zagaye. Taubashina ya cika alkawari, ya ba ni yumɓu na damƙe, ya sa wa ruwan wuƙar sabuwar ƙota da ragowar ƙiryar. Ya yi ƙoƙari, tana da kyau a ido, na gode masa. Amma babban yatsana bai sami wurinsa ba, kuma zogin ya dawo tun kafin a gama wanke tukwanen biki.

Saboda haka masu tsoron kada a manta da shi su kwantar da hankalinsu. Kullum da safe, kafin in ɗora tukunya, sai na tsoma hannuna na hagu a ruwan zafi ina jira ya buɗe, kuma babu safiyar da ban tuna da Kawu ba.